Wuyan Rigar Tsaf-tsaf

Tsaf-tsaf ake ce masa a otal ɗin, kuma sunan ya bi jiki. Tun yana saurayi yake kai wa baƙi abinci a tebur, har furfura ta fito masa, ba a taɓa ganin ɗigon miya a farar rigarsa ba. Yana son aikin nan kamar ransa. Sai dai riga ba ta san kara ba. Wuyanta ya sha guga har zare ya fara fita, yayarsa mai ɗinki ta farke shi ta juya ciki waje. Da wannan ɓangaren ma ya cinye, ta ce masa wuyan riga fuska biyu gare shi, ba uku ba. Sabuwa kuwa sai ƙarshen wata, kowane wata kuma da hidimar da yake zuwa da ita.

Sai ya koma goga alli a inda ya koɗe. Daga nesa fes.

Ranar da sabuwar manaja ta jera ma'aikata a bakin kicin tana duba farce da takalma, ranar aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Kowa ya san ta riga ta sallami mutum biyu a kan tufafi kawai. Tsaf-tsaf na ƙarshen layi, gumi na bin ƙeyarsa. Yana jin allin na jiƙewa, ba halin ya kai hannu.

Ta zo gabansa ta tsaya. Ta shafa wuyan rigar da yatsa, ta dubi yatsan. Sannan ta juya ta faɗa wa mataimakinta wata kalma da Turanci, ƙasa-ƙasa. Bai san kalmar ba, amma ya ga yadda ta yatsina fuska. Irin abin da ake faɗa ne a kan kujerar da ta sha jiki, wadda ake jira a fitar.

"Baba, ba zan kore ka ba," in ji ta. "Amma daga yau ka koma ciki, wajen wanke-wanke."

Ya ce ya gode. Har da rusunawa, abin takaici.

Da rana yana tsaye a bakin famfo, hannu cikin kumfa, ya jiyo muryar wani dattijo da ya saba cin abinci kusa da taga yana tambayar ina mutuminsa. Wani ya amsa masa cewa ai ya bar aiki. Ƙofa ce kawai tsakaninsu. Tsaf-tsaf ya buɗe baki zai ce ga shi nan, sai ya fasa. Ya ƙara wa famfo ƙarfi don kada ya ji sauran maganar.