Ranar da Tasharmu Ta Ɓace Daga Rediyon Baba

Akwai wani yini a damunar wata shekara wanda ko tsufa ya kwashe mini komai, ina jin shi kam zai bar mini. A lokacin ina karanta sanarwa a wani ƙaramin gidan rediyo a Haɗeja, ɗaurin aure da rasuwa da cigiyar akuya. Mahaifina kuwa yana ƙauyenmu can bayan Kirikasamma, cikin fadama, yana noman shinkafa yana ɗan taɓa kamun kifi.

An kwana ana ruwa da tsawa. Da safe muka zo aiki muka tarar da warin ƙuna, ashe tsawa ta biyo waya ta cinye tiransimita, wato na'urar da ke ɗaukar muryarmu ta watsa wa gari. Ba mu gama jajanta wa juna ba sai ga saƙo daga masu lura da kogi, wai jinga ta karye ta sama, ruwa na tafe, kafin dare zai isa ƙauyukan gabas, a gaya wa mutane su bar gida su hau tudu. Sabis ɗin waya ya ɗauke tun jiya, hanyar mota ta yanke, ciyawar kachala kuma ta toshe mashigin kwale-kwale. Ƙauyenmu na cikin waɗanda aka ambata.

Injiniyanmu wani dattijo ne ɗan garin Malam Madori, mai sanyin jikin da yakan ba ni haushi, don ni Allah ya yi ni da gaggawa. Ya shiga sito ya jawo wata tsohuwar tiransimita da aka taɓa sayowa hannun wata tasha da ta rufe. Ya kaɗe ta, ya jona, ta kawo wuta. Matsalar ita ce tana kan mitar waccan tashar, wato lambar da ake kamo ta a rediyo, ba tamu ba. Manaja ya ce ba komai, a kunna haka nan, ai duk wanda bai ji mu ba zai murɗa rediyonsa ya nemo mu.

Nan na ce masa bai san mutanenmu ba. Baba tun da jikoki suka dame shi da murɗa masa tasha, ya sa filaya ya zare abin murɗawar ya jefa a ƙasan akwati. Abokansa da yawa haka suka yi, wasu kuma suka liƙe wurin da salatif. Su a wajensu rediyo wuri ɗaya yake magana. In ya yi shiru sai su ce yau an ɗauke wuta a Haɗeja, su ci gaba da harkarsu. Ko da hannu ɗaya muka kauce, daidai yake da ba mu yi magana ba.

Injiniya ya saurare ni har na gama, ya ce to tunda su ba za su zo inda muke ba, sai mu kai na'urar inda suke. Ya kwance murfin.

Ban taɓa leƙa cikin irin wannan abu ba sai ran nan. Ya nuna mini wani ɗan kwano na ƙarfe da bai fi ƙwayar wake ba, ya ce akwai ɗan dutse a ciki, kiristal, in an ba shi wuta yana kaɗawa a kan bugu ɗaya, ba ya ƙari ba ya ragi. Gefensa akwai wani sashe da ke haifar da mitar da muke fita a kai, shi kuma ba shi da natsuwa, zafi ya ja shi nan, damshi ya ja shi can. Sai aka haɗa su da wani abu da masu sana'ar ke kira PLL, aikinsa ya riƙa gwada bugun wannan da na wancan, in mara natsuwar ya yi gaba a jawo shi, in ya yi baya a tura shi, har su kulle. Na ce kamar mata biyu suna daka a turmi ɗaya ke nan. Ya ɗago ya dube ni, ya ce haka ne, sai dai su waɗannan bugun nasu ido ba ya gani.

Ya fara da wasu 'yan makunnai ƙanana da ke jere, yana motsa baki yana lissafi, yana tura wasu sama wasu ƙasa da bakin ashana, wai yana gaya wa na'urar sabuwar mitar da za ta nema. Daga nan ya ɗauko sukudireba ta roba, don ta ƙarfe in ta matso ma sai ta rikita abin, ya sa cikin wani ɗan koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, yana juyawa kaɗan-kaɗan, idonsa na kan allurar ma'aunin wuta. A kan benci ya ajiye ƙaramin rediyo a daidai mitarmu, ba abin da yake yi sai shuu. Aka kira azahar, muka yi, muka dawo, yana nan yana juyi kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri.

Can sai wata 'yar fitila da ke ja ta koma kore. Manaja ya ce alhamdu lillahi, ni kuwa har na kama hanyar ɗakin magana. Injiniya ya ce a dakata. Wai ta kulle, amma a bakin gaɓa ta kulle, allurar ta kwanta can ƙarshe, da na'urar ta ɗau zafi za ta suɓuce. Sai ya sake juya koyil ɗin, fitilar ta koma ja. Wallahi ji na yi kamar in fizge sukudirebar daga hannunsa. Na ce masa ubana na bakin ruwa shi yana nan yana neman kwalliya.

"Malama," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba, "in na ba ki ita a haka, kina tsakiyar faɗin sunan garinku za ta gudu. Ki bar ni in zaunar da ita."

Na tsaya a kansa ina kallo. Allurar ta taso a hankali, ta wuce tsakiya, ya dawo da ita, ta yi ɗan rawa ta tsaya cak. Fitila ta yi kore. Da ya buɗe wa na'urar ƙarfi, sai shuu ɗin nan da ya cika mana kunne tun safe ya yanke ɗif. Na zaci rediyon ne ya mutu. Injiniya ya ce a'a, wannan shirun mu ne, mun iso, yanzu haka duk rediyon da ke kan mitarmu daga nan har cikin fadama ya yi tsit yana jira. Ɗan dutsen da ba ya gani ba ya ji, Allah ya hore masa riƙe hanya a cikin iska har ƙofar ɗakin ubana. Ban san sanda na ce subhanallahi ba.

Na shiga na karanta sanarwar, na sake, na kuma sakewa har magariba. A wani zagaye na saki takarda na yi abin da aikinmu ya hana, na ce, "Baba, ni ce. Don Allah kada ka tsaya saboda shinkafa." Ban san ko akwai mai ji ba.

Sai bayan kwanaki kwale-kwale ya kawo su Haɗeja. Gidanmu ya rushe, shinkafa ta tafi duka, amma ba a rasa ko mutum ɗaya a ƙauyen ba. Baba ya ba ni labari cewa yini guda rediyon na shuu a gindin rumfa, Inna na ta mitar ana ƙarar da batir, ya ƙi kashewa. Bayan la'asar ya ji shiru, ya miƙa hannu zai girgiza shi, sai ya ji muryata. Ya rungumi rediyon ya nufi masallaci da shi.

"Da wani ne ya faɗa," ya ce da ni, "da sai na tsaya na ga ruwan da idona."

Daga baya na tambayi Injiniya ko in abin ya kulle shi ke nan ya huta. Ya yi dariya ya ce ina, kowane ƙiftawar ido yana kaucewa, kawai dai ba ya daina saurare da gyara ne, shi ya sa mu muke jin kamar bai motsa ba. Na daɗe ina juya maganar nan. Da ina ganin mutum mai amana shi ne wanda ba ya kuskure. Tun daga ranar na gane shi ma yana kaucewa kamar kowa, sai dai ba ya barin kaucewar ta yi nisa, domin ya san akwai waɗanda suka dogara da shi har ba su tanadi wani wurin da za su neme shi ba.