Wainar Bakin Kogi

A zamanin Turawa, akwai wata mai waina a bakin kogin Haɗeja, tana miƙo wa mutanen cikin kwalekwale ba sai sun sauka ba. Ranar da aka aiko mini yayana ya rasu a Guri, na shiga kwalekwale, sai mai fitonmu ya tsaya wurinta, wai bai karya kumallo ba. Itacenta jiƙaƙƙe ne, sai hayaƙi. Tana fifita wuta tana cewa, "Yanzun nan, Malam."

Ban ce mu tafi ba. Ina ta kallon tandarta har rana ta take. Da muka isa, an riga an dawo daga maƙabarta. Wainata tana hannuna, ta huce. Na zauna a zaure na cinye ta.