Rawayar da Na Sha a Ɓoye

Ranar da asirina ya tonu mu biyar ne a tsakar gida: ni, da ƙanwata da ta zo daga Yammedi cin kasuwar Karaye, da matar ɗana tana tankaɗe, da Bafulatanar da ke kawo mana nono, sai ɗana da ya dawo daga sakatariya yana jingine babur. Zamanin soja ne, ana tsakiyar bazara. Da hantsin ranar aka aiko daga Rogo cewa jikata, wadda na riƙe tun daga yaye, ta sauka lafiya. Ni zan je in zauna mata wankan jego. Daddawa da kanwa da yaji duk na ƙulle su tun cikin yana ƙarami.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne jikina ya daɗe yana ƙaiƙayi. Ba ƙurji, ba borin jini. Tafin hannu, tafin ƙafa, gadon baya, kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fata. Kuma na san wanda ya fara da haka. Ƙanen maigidana, Allah ya jiƙansa, da susa ya fara, ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, asibiti suka ce hanta ce. A rediyo ma an ce ana ɗaukarta.

A unguwarmu ni ake kawo wa yaro in gwale masa ido in faɗi ko shawara ce. Wa zan kai wa nawa idon? Sai na sa aka haƙo mini saiwar rawaya, wadda muka gada ana ba mai shawara, na jiƙa a ƙwarya na ɓoye bayan randa. Ina sha, sai na ga fitsarina ya koma rawaya. Na ce to, ga ta nan ta bayyana. Na ƙara saiwa. Ya ƙara rinewa, na ƙara. Wayona ke nan, ni da ake zuwa neman shawarata daga ƙauyuka.

To a ranar, baya ya matsa mini. Na je na jingina da rumbu kamar mai duba gara, ina goga a hankali.

Ƙanwata ta ce, “Yaya, me rumbun nan ya yi miki?”

Na ce, “Ke dai ci gyaɗarki.”

Matar ɗana, kanta a ƙasa, ta ce, “Gwaggo, ki tambayi Inna ƙwaryar da ke bayan randa. Ludayina biyu sun rine.”

Yarinyar da nake ɗauka ba ta ganin komai sai rariyarta!

Ƙanwata ta taso ta kama haɓata ba ko sallama, ta gwale mini ido da babban yatsa yadda ta ga ina yi wa ’ya’yan mutane. Ta juya ni wajen rana.

“Fari fat. Buɗe baki.”

Na buɗe. Bafulatana ta leƙo, ta dafe ƙirji.

“Kai, Inna! Ko man shanuna bai kai harshen nan ba. Rawaya kika sha ko a marina kika kwana?”

Suka kwashe da dariya. Ƙanwata har da zama a kan turmi, tana cewa wai na rina kaina da kaina, sannan na ji tsoron launin. Na bar su suka gama. Raina ya ɗan yi sanyi, amma ban nuna ba.

Ɗana ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya ce, “Inna, malamin asibiti ya taɓa gaya mini ciwon nan kan zauna a jiki ido yana fari. Jini ake ɗiba a duba, kuma sai Kano.”

“Jinin nawa? Su yi me da shi?”

“Su duba, Inna.”

“Jaririn fa, wa zai yi masa wanka? Malamin asibitin?”

Hannuna kawai ya kalla. Ni ma na kalla. Duk na yakushe shi, wani wurin har da ɓawon jini. Da hannun nan zan gasa cibiya, in murza ɗan mutum da man kaɗanya, in sa masa yatsa a baki. Da a ce wata tsohuwa ce ta shigo ɗakin jikata da irin wannan hannu, da muciya zan raka ta har zaure. Ban ga dalilin da zai sa a ɗaga mini ƙafa don ni ce ba.

Washegari da safe na ɗora wa ƙanwata ƙullin kayan jego. Na ce ruwan ya tafasa sosai, ganyen darbejiya kada ta yi rowarsa, kunun kanwa kuma ta tsaya a kan yarinyar sai ta shanye. Ta ce, “Yaya, ni ma fa na haihu.” Na ce na gani, shi ya sa nake maimaita miki. Ta kama hanyar Rogo. Ni kuwa na dirje harshena da gawayi, don kada likitan birni shi ma ya samu abin dariya, na yafa mayafi, na bi ɗana zuwa tasha muka shiga bas ɗin Kano.