Damin da Babu Tsaba

Bana ambaliya ta cinye gonata a Fagam. Ina tsintar karan da ya rage sai Baba ya faɗo mini a rai, tsohon da ke ja mana sujada a 'yar majami'armu ta ginin ƙasa.

Shekarar babban fari, ranar godiyar kaka, ba wanda ya kawo ko zangarniya. Shi kuwa ya shigo da damin gero a ka, babu tsaba, sai ƙamshin busasshen kara. Ya dire gaban bagade.

Na ce, "Baba, wannan godiya ce ko gori?"

Ya ce, "Kai ɗan nan, da rumbunku na cike ban ga ƙeyarka a nan ba. Uba na Sama ya yi ta kira a hankali ba ku ji ba, shi ya sa ya ɗaga murya."

Na yi tsaki, na tafi leburanci Kano.

Yanzu ya rasu, matata ta rasu, yara sun watse birni. Ko mai yi mini faɗa babu. Fushin da na tafi da shi kuwa yana nan.

Yesu ya hutar da kai, Baba. Ni kuma, in ni ake kira da wannan ambaliyar, Ubangiji ya sa in amsa kafin ƙafata ta gaza.