Injinan Burodi da Ruwan Rotterdam

Na daɗe ina sayen injinan burodi na hannu a wajen wani dillali a unguwar Deira ta Dubai, ina lodawa zuwa Kano. Injin kwaɓa fulawa, injin yanka, tanda, duk kwancen gidajen burodin Turai. Dillalin ba ya faɗin inda yake samo su, ni ma da ni ne ba zan faɗa ba. Na bi diddigi a hankali har na gano wani dattijo a birnin Rotterdam, can Turai, mai sito cike da irin kayan. Na yi ta aika masa saƙo har ya yarda mu gana, ya sa mini ranar zuwa, ya ce in zo da rana. Bizar da na samu gajera ce, kuma dillalin ya riga ya ji labarin tafiyata. In na dawo hannu biyu, sai yadda ya ga dama zai yi da ni.

Farkon watan Yuni na bar Dubai, lokacin da ƙarfen ƙofar shagona a Al Khabaisi ke ƙona tafin hannu. An ce mini can ma lokacin zafinsu ne, sai na cika jaka da kaftani marasa nauyi. Ina fita daga tashar jirgin ƙasa ta Rotterdam wata iska ta ratsa ni har ƙashi. Zafin nasu ke nan. Gari ya yi haske, kafin ka ɗaura agogo hadari ya haɗo, a yi yayyafi, rana ta sake leƙowa. Mutanen ba ruwansu. Kowa a kan keke, mai kwat da jakar ofis, tsohuwa da furanni a kwando, uwa da yara a cikin akwatin katako a gaban kekenta. Da rana ta fito sai su jawo kujeru bakin ruwa su miƙa mata fuska kamar ƙadangaru. Mu da muke gudun rana daga inuwa zuwa inuwa, na tsaya ina kallon ikon Allah.

A ranar ganawa na yi irin ta Deira. A wajenmu in mutum ya ce ka zo da rana, kowa ya san sai bayan la'asar, in gari ya fara hucewa an buɗe shaguna. Na ci abinci, na kishingiɗa, na jira la'asar. To a can, a wannan watan, la'asar ba ta yi sai ma'aikata sun tashi, ranar kuma tana nan a sama kamar an kafe ta da ƙusa. Na isa siton na tarar da shi a garƙame. Na kira dattijon, na jiyo kukan tsuntsaye a bayansa, ashe yana lambunsa.

"Na jira ka, ba ka zo ba," in ji shi. Ya ce ba shi da sarari kuma sai wani makon. Wani makon kuwa ina Dubai.

Ban roƙe shi ba, don na lura ba irin mutanen da roƙo ke motsawa ba ne. Washegari aka tashi da ruwa mai ƙarfi, da iska tana kaɗa shi a kaikaice. Ina kallo ta taga sai na tuna yadda nake yi a shagona: duk wanda ya ratso zafin tsakar rana ya zo mini, na san ba kallo ya kawo shi ba, kujera nake ba shi. Na ce mai kaya ko'ina mai kaya ne. Matar da ke kula da masaukina ta ara mini keke da rigar ruwa. Rabona da keke tun ina saurayi. Na tattare kaftani na cusa a wando, na yi bisimilla. Iska ta yi ta buɗe rigar ruwan, har na daina kula ta.

Na riga kowa isa ƙofar siton. Can sai ga dattijon a kan nasa keken, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Mutumin Dubai, a kan wannan ka zo?"

"A kansa, yallaɓai. Jiya na bi rana ta yaudare ni. Yau na biyo ruwa."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya buɗe ƙofa, ya haɗa mana kofi. Muka zaga siton ina ɗigar da ruwa a kan simintinsa. Ya kunna mini injinan ɗaya bayan ɗaya, na ware waɗanda za su jure wutar lantarkin Kano da janareto, na faɗa masa dalili ba kwana-kwana. Ya ce yana son mai saye da ke faɗin abin da ba ya so. Kafin ma'aikatansa su gama shigowa mun tafa: duk kayan da suka sauka, ni zai fara nuna wa.

Na zauna a kan wani akwati, haƙorana na kaɗawa, na kira babban abokin cinikina a Kano. Na ce, "Alhaji, a share fili a gidan burodi. Kaya na tafe, kuma daga tushe."