Daktan da Ya Ci Tuwon Kaka

Shekarun baya, lokacin ina sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta koyon aikin laburare, akwai wani baƙo da muka gayyato ya yi mana lacca, wanda har yau ban manta da shi ba.

Al'adarmu ce duk shekara mu koma makarantar mu yi taro, a samo wani babba cikin waɗanda suka fita daga nan ya yi wa ɗalibai jawabi, a sha zoɓo, a yi hoto, kowa ya kama gabansa. A wannan shekarar abokina ne ya kawo sunan mai laccar. Abokin nan nawa tun ajin farko muke tare, ɗan gidan malamai ne a Unguwar Kanawa, mutum mai sanyin hali wanda ko ƙuda ba ya iya kora da ƙarfi. Ya ce ya haɗu da wani Dakta daga Abuja, tsohon ɗalibin makarantarmu ne, ƙwararre wajen ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubuce a adana su cikin na'ura. Zai yi laccar ba ko sisi. Bayan haka kuma zai tafi da takardun ajami da ke ɗakin ajiyar makarantar, ya ɗauke su a injinsa, ya dawo da su.

Takardun nan fa ba wasa ba ne. Rubutun hannu ne na malamai da suka daɗe da rasuwa, iyalansu suka kawo amana don kada gara ta cinye. Babu kwafinsu a ko'ina. In suka fita suka ƙi dawowa, shi ke nan, an yi ta ta ƙare.

Ni dai Allah ya yi ni da zargi, ban ɓoye ba. Matata tana cewa ko mai shayi ya ƙara min madara sai na tambayi dalili. To ina jin maganar sai kunnena ya tashi. Na shiga guruf ɗinmu na waya na tambaya ko akwai wanda ya san Daktan nan. Waɗanda suka riga mu fita suka ce wataƙila ɗan bayansu ne, na bayanmu suka ce wataƙila ya riga su. Kowa yana tura shi ajin wani. Da na kira shi da kaina don shirya masauki, sai na bi ta bayan gida na tambaye shi malaman da suka koyar da shi. Ya jero min sunaye tsaf, amma abin mamaki duk cikinsu babu mai rai ko ɗaya.

Na samu abokina da maganar. Wallahi ban taɓa ganin ya fusata haka ba. Ya ce ni matsalata ba na son a ce wani ne ya kawo abin arziki, kullum sai na nemo tsutsa a cikin goro. Maganar ta yi min zafi, don akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Na je wurin shugabarmu, wata Hajiya da ta yi ritaya daga aikin gwamnati, na faɗa mata. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce zato ba hujja ba ne, kuma ba za ta tozarta baƙo a kan cewa malamansa sun mutu ba, ai mutuwa ba laifinsa ba ce. Na dawo gida Kurmin Mashi ina ta saƙe-saƙe, har na fara tunanin ko dai hassada ce ke ɗawainiya da ni.

Ranar taro Dakta ya iso cikin farar babbar riga, ƙanshin turarensa ya riga shi shiga zauren. Gaskiya mutumin ya iya magana. Turanci kamar ruwan famfo, in ya gaji ya jefo Larabci. Ɗalibai sai tafi suke yi. Ni kuwa ina gefe ina lura da cewa duk abin da yake faɗa, wanda ya karanta jarida ma zai iya faɗa. Da aka kai shi ɗakin ajiya ya ga takardun, sai na ga ya lasa yatsa zai buɗe shafi. Ko ɗan ajin farko a makarantarmu ya san yawu da tsohuwar takarda ba sa haɗuwa. Na waiga in ga ko wani ya lura, sai na tarar kowa fuskarsa yake kallo, ba hannunsa ba. An riga an jera takardun cikin kwalaye, direbansa yana jira a waje.

A nan ne dabara ta faɗo min. A ƙofar laburaren makarantarmu akwai wata tsohuwar durowa ta katako mai ƙananan aljihuna birjik, wadda a da ake jera katunan littattafai a ciki kafin zuwan kwamfuta. Kaka muke ce mata. Wani malaminmu ne ya raɗa mata sunan, kuma duk sabon ɗalibi ranar farko sai ya sa shi ya rusuna ya gaishe ta, wai ta girmi ubansa a aikin. Mutum zai iya manta lambar ɗakin kwanansa, amma babu wanda ya ratsa makarantar nan ya manta Kaka.

Ana cikin shan zoɓo, Hajiya da abokina da wasu manya suna tsaye kewaye da Dakta, na matso da fara'ata na ce, "Ranka ya daɗe, ka shigo gida yau, ka kuwa leƙa ka gaida Kaka?"

Ko gezau bai yi ba. Ya dafa ƙirji ya ce, "Allah sarki, ashe tana nan da rai? Baiwar Allah mai kirki. Ai na ci tuwonta ba sau ɗaya ba."

Wani dattijo ya ƙware da zoɓo, aka shiga buga masa baya. Dakta yana ta murmushi yana bin mu da kallo, bai san ya faɗa tarko ba. Hajiya kuwa, Allah ya saka mata, ko a fuska ba ta nuna komai ba. Cikin ladabi ta ce masa akwai sa hannun shugaban makaranta da ba a samu ba, don haka takardu ba za su fita yau ba, ya yi haƙuri zuwa wani makon. Ya ɗan ja, ya ce injinsa a haye yake, lokaci na ƙurewa. Ta ce Allah ya ba da haƙuri. Ya shiga motarsa ya tafi, kuma daga ranar lambar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Kada ku so ku ga yadda na riƙa tafiya a makon nan, kamar ni na ƙirƙiro hankali. A guruf sai yabona ake yi. Abokina ne kawai bai ce uffan ba. Na ɗauka kunya ce, don haka na shirya takanas na tafi Unguwar Kanawa in tsokane shi, in ce masa ga tsutsar goron nan ta fito.

Na same shi a zaure. Ban kai ga buɗe baki ba ya tashi ya shiga ciki, ya fito da wata tsohuwar gafaka ta fata, ya ajiye a gabana. Na san ta, a cikinta rubutun marigayi mahaifinsa yake, waƙoƙin wa'azi da bayanan karatu da ya yi shekaru yana rubutawa da hannunsa. Na ɗaga ta na ji ba nauyi. Ashe tun kafin a sa ranar taro ya ɗauki takardun duka ya ba Dakta, wai a fara da nasu.

Ya ce, "Duk abin da ka gani, ni ma na gani. Amma da na yarda da zarginka, sai na yarda rubutun Baba ya tafi ke nan. Shi ya sa na yi ta faɗa da kai."

Tsokanar da na ƙunso tun daga gida ta narke min a baki. Mun yi cigiya iya yinmu, har Abuja muka je inda Dakta ya ce ofishinsa yake, muka tarar da shagon ɗinki.

Yanzu abin ya daɗe da wucewa, abokin nawa da kansa ya ce in ba da labarin ko wani zai tsira da nasa. Mutane suna cewa na yi nasara, ni kuma ban taɓa jin daɗin wannan nasarar ba. Na iya gano maƙaryaci daga nesa, amma aminina yana gabana cikin tashin hankali, na karanta shi a matsayin mai taurin kai. Abin da ya fi ci min rai shi ne mahaifiyarsa, don bai taɓa iya gaya mata ba. Har Allah ya karɓi ranta, duk sanda na je gaishe ta sai ta ce in taya ta tuna wa abokina takardun Malam, kada su daɗe a hannun mutane. Ni kuma sai in sunkuyar da kai in ce, "To, Inna."