Yadda Katunan Lukmanu Suka Yi Musayar Suna

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Lukmanu a motar Kubwa zuwa cikin gari ya san halinsa: ba ya barci a mota, kuma ba ya barin maƙwabcinsa ya yi. Da ya ga wayar mutum ta ƙi kama intanet, to an sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Zai gyara zama ya hau bayani, hannu na yi baki na yi, har kwandasta ya gaji ya tuna masa an iso Jabi.

Ɗan Zariya ne. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne a Tudun Wada, kuma a gindin teburin tsohon ya koyi cewa duk akwatin da ke magana akwai dalili a cikinsa. Ya yi karatun kwamfuta, bautar ƙasa ta kawo shi Abuja, Abuja ta riƙe shi. Ya samu aiki a wani kamfanin kayan gini mai ofis a Jabi da sito a Dei-Dei. Shi ke kula da wata babbar kwamfuta da ke ajiye a ɗan ɗaki mai sanyi, wadda duk saƙon ofis sai ya bi ta kanta kafin ya fita. Idan ta tsaya, takardar izinin lodi ba ta isa sito, manyan motoci kuma ba sa motsi.

Katin sadarwa biyu ne a jikinta, kowanne da ramin da ake soka waya. Ɗaya na kallon waje, wato duniyar intanet, ɗaya na kallon cikin ofis. A nan son Lukmanu ya tattaru. Yakan ce zuciyar manhajar kwamfuta, wadda masana ke kira kanel, ita kaɗai ke taɓa ƙarfen katin. Ga kowane kati takan buɗe masa gurbi a ƙwaƙwalwarta: ga sunansa, ga lambar da aka buga masa tun daga masana'anta wadda ba ta canzawa, ga ko a buɗe yake ko a rufe, ga yawan saƙon da ya shiga da wanda ya fita. Sauran manhajoji ba ruwansu da kalar kati ko wanda ya ƙera shi, suna kawai suke kira, kanel ta kai saƙo. Abin da ya fi kashe shi da daɗi shi ne akwai wani gurbin da babu kati a bayansa sam, saƙo ya fita ta cikinsa ya dawo wa kwamfutar da ta aiko shi. Ya faɗa wa matarsa Maimuna wannan labarin har ta haddace, tana ƙarasa masa tun bai kai ƙarshe ba.

Sai dai fa gwanin namu yana da taurin kai irin na masu son tsohon abu. Tsarin zamani yana ba kati suna ne bisa gurbin da aka soka shi a jikin kwamfuta, suna mai wuyar faɗa, haruffa da lambobi a cakuɗe. Lukmanu ya ce wannan ba suna ba ne, lambar mota ce. Ya kashe tsarin ya dawo da sunayen da ya taso da su, eth0 da eth1. A tsohon tsarin, katin da ya riga farkawa idan an kunna kwamfuta shi kanel ke ba eth0, na biye ya ɗauki eth1. Ya san da haka sarai. Amma tun da ya haɗa ta katin waje ke riga tashi, sai ya ɗauka haka za a tabbata. Ya rubuta duk ƙa'idojinsa a kan cewa eth0 shi ne waje.

Ana nan Maimuna ta haifi tagwaye mata. Murna wajen Lukmanu ba a magana, amma murnar da tsoro a ƙarƙashinta. Shi mutum ne da ke fita kafin gari ya waye, ya dawo bayan isha'i saboda cunkoson hanya. Yana ganin maƙwabcinsa Habibu, wanda 'yarsa ke ɓuya bayan uwarta idan ya shigo, domin ba ta saba da fuskarsa ba. Wannan abin ya tsaya wa Lukmanu a rai. Ya je ya roƙi shugabar kamfanin, Madam Lucy, wata 'yar Filato mai kirki amma marar ɗaukar wasa, ta bar shi ya riƙa aiki daga gida, tunda yana iya shiga kwamfutar ta intanet daga ko'ina. Ta ce ya gwada a makon haihuwar. Idan aiki bai tsaya ba, ta amince. Idan ya tsaya, kada ya sake tayar mata da zancen.

Mahaifiyarsa, Inna, ta zo daga Zariya wankan jego. Tun a asibiti ta ɗaura wa wadda ta fara fitowa zare ja a hannu. Lukmanu ya yi ta mata tsiya, wai ina amfanin zare, ai shi ya san 'ya'yansa, Hassana ce ke kwance a dama kullum. Ranar suna da safe, bayan an raɗa suna an raba goro da dabino, ya shiga ɗaki da fara'arsa ya ɗauki ta dama yana kiranta Hassana. Mata suka kwashe da dariya. Inna, wadda ba ta faɗar sunansa saboda ɗan fari ne, ta ɗaga hannun ɗayar jaririyar ta nuna masa zaren.

"Kai, wadda aka fara yi wa wanka ita aka fara kwantarwa," in ji ta. "Wurin kwanciya yana canzawa. Wannan ba ya canzawa."

Bai gama jin kunyar wannan ba Madam Lucy ta iso da atamfa da sabulai. Tana cikin yi wa Maimuna barka wayarta ta yi ƙara. Lukmanu na kallon fuskarta tana sauyawa. An ɗauke wuta a Jabi, janareto ya yi gardama har batirin da ke riƙe kwamfutar ya ƙare, kwamfuta ta mutu ta sake tashi, kuma tun daga lokacin babu abin da ke fita daga ofis. Direbobi na can Dei-Dei sun fara tada jijiyar wuya. Ta sauke wayar ta dube shi.

Lukmanu ya tashi. Ya jawo kwamfutarsa ta hannu ya zauna a kan tabarmar tsakar gida, mahauta na feɗe raguna a gefe. Ya nemi shiga kwamfutar ofis ta intanet, ƙofa a rufe. Ya sake nema, shiru. Hanyar da zai bi ya gyara ita ce ta lalace. Idan ya hau mota ya tafi Jabi, ya gyara cikin sauƙi, amma ya tabbatar wa Madam ke nan cewa aikin ba na gida ba ne.

Sai ya kira Oga Albert, akawun ofis, dattijon da ko ƙofar ɗakin sanyin ba ya son taɓawa. Da lallashi ya shigar da shi, ya sa shi ya buga umarnin da ke nuna katunan, ya ce ya karanto masa lambar masana'anta da ke ƙarƙashin eth0. Oga Albert ya karanto a hankali kamar mai karanta sakamakon asibiti. Yana kaiwa ƙarshen lambar Lukmanu ya miƙe zumbur, har ya kusa kifar da tiren goro. Lambar katin ciki ce! Yau katin ciki ya riga farkawa, kanel ta ba shi sunan na waje, duk saƙon da aka nufa duniya yana ta komawa cikin ofis. Kwamfutar ba ta yi laifin komai ba, abin da ya gaya mata take yi.

"Oga Albert, wayoyi biyun nan na bayanta, shuɗiya da ruwan toka, musanya musu rami kawai!"

"Wuta ba za ta ja ni ba?" in ji dattijon.

Ya rantse masa ba za ta ja shi ba. Can sai ƙofa ta buɗe, rubutu ya cika fuskar kwamfutarsa. Lukmanu ya daka tsalle a gaban surukansa, hula ta yi nata wuri. Aka kira daga sito cewa takardu sun fara fitowa.

Madam Lucy ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi ko gobe in an sake ɗauke wuta sai Albert ya sake rarrafe a bayan akwati. Lukmanu bai ɓoye mata ba, ya ce shi ya jawo, son tsohon suna ne ya kai shi. Ya roƙi ta ɗan jira. Ya rubuta sabuwar ƙa'ida, ya ɗaure kowane suna da lambar masana'antar katinsa, yadda ko wanne ya riga tashi ba zai ɗauki sunan ɗan'uwansa ba, ya bi sauran ƙa'idojin ya gyara su. Ta ce to, ya kashe kwamfutar ofis ɗin ya kunna a gabanta.

Ya danna. Fuskar kwamfuta ta tsaya cik. Inna ma ta leƙo da jaririya a kafaɗa. Lukmanu na salati a zuci, gumi na bin wuyan sabuwar shaddarsa. Sai ga shi ta dawo. Madam ta ce a sake, aka sake, ta dawo. Ta sunkuya ta duba sunayen da suka fito, ta ga babu eth0 babu eth1, sai hassana da usaina. Nan ne dariya ta ƙwace mata.

"Malam Lukman, ka zauna da yaranka," ta ce. "Amma in na kira, ka ɗauka."

Ran Litinin da sassafe yana jiyo kwandastoci daga bakin titi suna kiran Jabi, Wuse, Bega. Jikinsa ya zabura zai nemi takalmi, sannan ya tuna. Ya koma ya zauna, ya buɗe kwamfuta a cinya, sunaye biyun suka fito kowanne a gurbinsa. Maimuna ta miƙo masa jaririya ɗaya ta tafi ɗora ruwa. Ya fara duba hannunta, babu zare.

"Usaina," ya ce a hankali, "ni ne babanki. Yau ina gida."